Yadda za ku zaɓa wa ƙananan yara dabbar gida mai sauƙin kiwo

Yaro ya ga zomo a gidan su abokinsa, ko ya ga 'yan tsaki a kwali a bakin kasuwa, sai ya tasa ku gaba da magiya: "Baba, a saya mini." Kullum maganar ke nan, har a gaji a sayo. Mako na farko ana rububin ba da abinci, mako na uku kasko ya bushe babu wanda ya lura, kafin wata ya cika dabbar ta mutu, ko ta zama ƙarin aiki a kan uwar gida wadda ba a ma shawarce ta ba.

Son dabba a zuciyar yaro abu ne mai kyau, bai kamata a danne shi ba. Ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Amma a cikin ingantattun hadisai ne kuma aka ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Shigo da dabba gida ɗaukar amana ne. Wadda za ku iya riƙewa ita ce wadda ta dace da gidanku a watan da ya fi tsanani, lokacin da zafi ya kai maƙura, kuɗi suka yi ƙasa, ɗokin yara kuma ya wuce.

Mataki na farko: ku tsayar da babban da zai ɗauki nauyi

Ko da an ce "kyanwar Ummi" ko "kazar Abba", babba ne mai kiwon. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar iyakarsa ya watsa hatsi ko ya zuba ruwa kuna tsaye. Daga shida zuwa tara zai iya riƙe ciyarwar safe, amma sai ana tuna masa. Shara da wanke mazubi da lura da alamun ciwo sai ya kai goma zuwa sama, shi ma da sa ido.

Saboda haka ku zauna ku biyu tukuna. In mai gida yakan fita da safe sai dare, to ya sani cewa aikin zai faɗa kan matarsa ne, kuma hakkinta ne ta ce a'a. Mace mai goyo, ga girki, ga wanki, ba ta buƙatar wani bakin da zai jira ta. Kada kuma a jibga wa 'yar aiki ko almajirin gida ba tare da an yi magana da su ba.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a kashe ko sisi. Ku ajiye kasko a inuwa, ku ce wa yaron aikinsa ne ya wanke shi ya cika shi da ruwa kowace safiya domin tsuntsayen da ke sauka a gidan. Ku ba shi mako biyu. In ya riƙe ba tare da an yi ta faɗa ba, ya nuna alama. In ya watsar a kwana na huɗu, kun gane cewa duk abin da aka sayo ku ne za ku yi dawainiyarsa, sai ku yanke shawara a kan haka.

Mataki na biyu: ku dubi gidan da idon dabbar

Shin akwai tsakar gida mai ƙasa da inuwar bishiya, ko siminti ne ko'ina da rufin kwano? A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi zafin Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma kejin da aka ajiye a ƙarƙashin kwano ya fi waje zafi. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da wasu dabbobin daga lissafi.

In gidan haya ne, ku tambayi mai gidan da maƙwabtan da kuke raba tsakar gida da su. Kazar da ke shiga shanyar wata, ko tantabarun da ke ɓata wankin wani, suna iya ɓata zaman shekaru. Ku yi tunanin tafiya kuma: in kukan tafi ƙauye da Sallah ko hutun makaranta, wa zai zo ya ba da ruwa kullum?

Sai lafiyar mutanen gida. In akwai yaro mai asma ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, ku kai shi gidan da ake kiwon irin dabbar ya yi awa biyu ko uku, ku ga yadda zai kwana. Gashin kyanwa da ƙurar gashin tsuntsaye suna tayar wa wasu da ciwon. In akwai jariri sabon haihuwa, ko mai ciwon da ya raunana garkuwar jikinsa, ku tambayi likitansa kafin komai.

Na ƙarshe, ina asibitin dabbobi mafi kusa? Yawancin manyan garuruwa suna da na gwamnati, kuma jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi. Ku je ku tambayi kuɗin allurar rigakafi da maganin tsutsa tun kafin ku sayo dabbar, domin kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ku kashe.

Mataki na uku: ku fitar da waɗanda ba su dace ba

Zomo shi ne yara suka fi nema, kuma shi ne na fi hana iyaye. Yana da laushi da kyan gani, amma a ɗabi'arsa abin farauta ne, ɗaga shi sama tsoro yake ba shi. Yaro ya rungume shi, ya yi ta harbi da ƙafafun baya, ko ya yakushi yaron ko ya kuɓuce ya faɗi. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, faɗuwa ɗaya tana iya karya shi. Ɗaukarsa ta kunne, da mutane da yawa ke yi, azaba ce. Ga rashin jure zafi: da zarar yanayi ya haura digiri 30 ya fara galabaita. Ga haihuwa: cikinsa wata ɗaya ne kacal, mace da namiji a keji ɗaya cikin 'yan watanni sun cika gida. Kiwon zomo sana'a ce mai kyau ga babba mai wuri da ciyawa, amma ba abokin wasan ɗan shekara huɗu ba ne.

Kunkuru ana ganin ba ya buƙatar komai, a sake shi kawai a tsakar gida. Matsalarsa ƙwayar salmonela ce, wadda yake ɗauke da ita a jikinsa da kashinsa ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ita kuwa tana sa ƙananan yara gudawa da zazzaɓi mai tsanani. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ƙoƙon bayansu bai kai santimita 10 ba, saboda yara suna kai su baki. Babban kunkurun yankinmu na Sahel kuma yakan wuce kilo 40, yana haƙa rami mai zurfi har ƙarƙashin katanga, yana iya rayuwa fiye da shekara 50, kuma yawansa yana raguwa a daji saboda kamu.

Aku tsuntsu ne mai kaifin basira, kuma basirar ce ke sa kiwonsa wuya. In aka bar shi shi kaɗai a keji sai ya shiga fige gashin jikinsa. Bakinsa yana fasa ƙwallo mai tauri, balle yatsan yaro. Tun taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe a kan cinikin namun daji, da aka yi a 2016 a Johannesburg aka hana cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ku bar shi.

Duk abin da aka kamo daga daji, biri ne, kurege, bushiya ko gafiya, kada ya shigo hannun yara. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga ɓera yake zuwa. A 2003 kuma ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta hanyar dabbobi dangin ɓera da aka kai daga Ghana domin masu kiwon sha'awa.

Kare yana da amfaninsa a gona da garke da farauta, kuma a kan waɗannan hadisi ya yi rangwame. Amma yana buƙatar horo da fili da abinci mai yawa, ba ya cikin masu sauƙin kiwo. 'Yan tsakin kwana ɗaya da ake sayarwa a kwali su ma ku wuce su. Suna buƙatar ɗumi dare da rana a makonnin farko, hannun yaro yana matse su, yawancinsu ba sa kai labari.

Mataki na huɗu: ku auna waɗanda suka rage

*Kyanwa.* A ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu. Ta saba da yanayinmu, tana neman inuwa da kanta, tana wanke jikinta, tana binne kashinta, ba ta buƙatar keji, kuma tana rage ɓeraye a ɗakin ajiya. Ta fuskar tsarki ma babu damuwa, domin hadisin Abu Ƙatada ya bayyana cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Abin da ya fi muhimmanci ga gida mai yara shi ne tana iya tashi ta bar wurin in an dame ta. Zomo a keji ba shi da wannan damar.

Amma tana da hakkoki. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da shinkafa kaɗai ba za su riƙe ta ba. Ku ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, kayan cikin kaza da aka dafa, a cuɗa da ɗan tuwo ko shinkafa, ko kuma busasshen abincin kyanwa na kanti in da hali. A cire nata kafin a sa albasa da tafarnuwa da yaji, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Madara, duk da ana ganin ita ce abincinta, tana sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Ruwa mai tsabta ya ishe ta. Tana iya kai shekara 12 zuwa 15, wato yaron da aka kawo wa ita yana aji ɗaya zai iya gama sakandare tana nan.

*Kazar gida.* Wannan tsohuwar hanyarmu ce. Kaka takan ba jika kaza, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a saya masa 'yar akuya. Yaro yana koyon lissafi da haƙuri da tattali a lokaci ɗaya. Kazar Hausa tana kiwo da kanta, buƙatarta akurki mai rufi da dare, ruwa, da tsakin hatsi kaɗan ko dusa safe da yamma. Takan yi ƙwai goma zuwa sha biyar ta kwanta a kansu kwana 21, kuma ƙidayar kwanakin nan tare da yaro a jikin kalanda abin farin ciki ne ƙwarai. Sharaɗinta fili da rigakafin fakat, cutar da ke share kaji musamman da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin, har da wanda ake ɗiga wa kaza a ido, kuma ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kaji su ma suna ɗauke da salmonela, don haka yaron da bai kai shekara biyar ba nasa kallo ne da watsa hatsi, ban da runguma da sumbata. In kuka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya, ku janye yara, kada a yanka a ci, a kira ma'aikacin dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci.

*Tantabara.* Ta dace da yaro ɗan shekara bakwai zuwa sama. Buƙatarta ɗaki a sama inda kyanwa da ɓera ba za su kai ba, gero ko dawa, da ruwa mai ɗan zurfi, domin tantabara tsoma baki take yi ta zuƙa. Ƙwai biyu take yi, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci kimanin kwana 18, kuma su biyun suke ciyar da 'yan shila. Yaro ya ga wannan da idonsa ya fi dogon bayani a kan yadda iyaye ke taimakon juna. Illarta kashi a kan rufi da shanya, da ƙurar ɗakinta da ba ta dace da mai asma ba. Babba ne zai share ɗakin, ya yayyafa ruwa kafin shara, ya rufe hancinsa. Kada ku haɗa kiwon kyanwa da na tantabara a ƙaramin gida.

*Ɓeran masar.* In yaron ya nace sai abin da zai riƙe a cinya, wannan ya fi zomo haƙuri, ba kasafai yake cizo ba. Asalinsa daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, saboda haka zafi yana wahalar da shi, sai gida mai ɗaki mai sanyi da iska. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C, dole kullum ya samu ɗanyen ganye, ga ciyawa a gabansa koyaushe. Ba ya son kaɗaici, a sayi mata biyu. Sharar kejinsa kusan kullum ce, wannan ya sa na ajiye shi a bayan kyanwa da kaza.

*Kifin ado.* Ga masu zama a bene ko ɗaki biyu, kifi ne ba ya damun maƙwabci. Sai dai yana son tanki mai faɗi da na'urar tace ruwa, ita kuma tana son wuta. In wutarku ba ta tsayawa kuma babu sola, ku yi tunani sosai. Ana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Abin da ya fi kashe kifin yara yawan abinci ne, don haka gwangwanin abincin ya zauna a hannun babba.

Mataki na biyar: ku zaɓi mai lafiya, daga inda kuka sani

Gidan da kuka sani ya fi kasuwa. A kasuwa an cakuɗa dabbobi daga wurare daban-daban, cuta tana yawo a tsakaninsu, kuma ba ku san uwar ba. Kyanwa ma ba sai an saya ba, kusan kowace unguwa akwai mai neman wanda zai karɓi 'ya'yan tasa.

Kada ku karɓi ɗan kyanwar da bai kai mako takwas ba, ko da masu ita sun matsu. A wajen uwa da 'yan uwansa yake koyon wasa ba tare da fitar da farce ba. Ga gida mai ƙananan yara ma, wadda ta kai wata huɗu zuwa shida, ko babba mai sanyin hali da ta saba da yara, ta fi jaririya, domin halinta ya riga ya bayyana kuma jikinta ya yi ƙwari.

In kun je dubawa, ku tsuguna ku miƙa hannu ƙasa ku jira. Wadda ta zo ta sunsuna yatsunku ta goga kumatunta ita kuke nema. Wadda ta maƙale a lungu tana huci, kunnuwa a kwance, ku bar ta, ko da ta fi kyan launi. Ku ɗaga ta ku duba: ido garau babu kwantsa, hanci babu majina, cikin kunne babu baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya a bushe babu alamar gudawa. Ku shafa gashin baya zuwa gaba ku dubi fata. Ɗige-ɗige baƙi kashin ƙuma ne. Wurin da gashi ya zube ya bar da'ira mai ɓawo yana iya zama makero, wanda ke kama yara cikin sauƙi. Ciki ya kumbura alhali haƙarƙari a waje alamar tsutsa ce.

Kaza kuwa ku zaɓi budurwa mai kuzari, mai jan tukku, wadda ba ta sauke fukafukai ba, ba ta gyangyaɗi a tsaye. Ku buɗe ƙarƙashin fiffike ku duba ƙwarƙwata. In akwai wasu kaji a gida, a ware sabuwar mako biyu kafin a haɗa su. Tantabara a sayi matasa mace da namiji, a kulle su a ɗakinsu 'yan makonni har su saba, in ba haka ba ranar da aka buɗe za su koma gidansu na da.

Mataki na shida: ku shirya gida, sannan ku bi makon farko a hankali

Kafin kyanwa ta iso, ku tanadi mazubi biyu, na ruwa da na abinci, da roba mai faɗi cike da yashi a lungun da yara ba sa wasa, da kwali mai tsumma a ciki. Ku nemi wuri mai tsayi, kan kabad ko taga, wanda za ta hau yaro bai kai ba. Ku kwashe shinkafar ɓera da fiya-fiya daga ko'ina. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya mutuwa, kuma gubar da kyanwa za ta kai gare ta yaro mai rarrafe ma zai kai.

Ranar da ta zo, a sa ta a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa. Za ta ɓuya, wataƙila ta ƙi cin abinci a ranar. Kada a jawo ta. Yara su shigo ɗaya bayan ɗaya, su zauna a ƙasa, su yi shiru, ita za ta fito da kanta. Bayan ta ci abinci a ɗora ta a kan yashin, sau biyu ko uku ta gane. Sai bayan kamar mako biyu a bar ta ta fita tsakar gida.

A cikin makon nan ku kai ta asibitin dabbobi. Allurar haukan kare ana yi wa kyanwa ita ma, daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ku adana katin. A ba ta maganin tsutsa, a maimaita yadda likita ya tsara. Abu biyu kada ku taɓa yi: ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, da shafa mata maganin kaska na kare ko na shanu, domin wasunsu guba ne gare ta.

Kwashe kashi daga yashin aikin babba ne, kuma kullum. Mace mai ciki kada ta yi shi, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin kyanwa tana iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta zama mai kamawa, shi ya sa kwashewar kullum ke da amfani. In akwai tulin yashin gini da yara ke wasa a kai, a rufe shi da buhu ko leda.

Mataki na bakwai: ku koya wa yara dokoki kaɗan, ku tsaya a kansu

Ku kama hannun yaron ku nuna masa: yatsu biyu, daga wuya zuwa baya, a hankali. Ban da jan wutsiya, ban da taɓa ciki, ban da ɗauka ta wuya. Ba a taɓa dabba tana cin abinci, ko tana barci, ko tana shayarwa. Ku nuna masa alamun gajiya: in wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa suka koma baya, "Ummi, ta gaji, ƙyale ta." A wanke hannu da sabulu bayan wasa, kafin cin abinci. Kyanwa ba ta kwana inda jariri yake, kuma ba a barin yaro ƙasa da shekara biyar shi kaɗai da kowace dabba.

Doka mafi girma ita ce wannan: duk wanda dabba ta ciza ko ta yakusa, ta gida ko ta waje, ya faɗa nan take, kuma ba za a doke shi ba. Ku faɗa musu wannan ku maimaita, ku kuma cika alkawarin. Yara suna ɓoye cizo saboda tsoron duka, ciwon haukan kare kuwa da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ciwon ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In abin ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ganye. Dabbar kuma a tsare ta a lura da ita kwana goma, a nuna wa likita katin rigakafinta.

Mataki na takwas: ku yi shirin haihuwa, da yanka, da rabuwa

Kyanwa mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kimanin kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Daga nan sauƙin kiwo yake ƙarewa. Likitan dabbobi yana yin aikin da ke tsayar da haihuwa, ga mace da namiji, kuma muzurun da aka yi wa yana rage yawo da faɗa da fitsari a lunguna. Malamai sun yi magana a kan wannan, wasu sun halatta in akwai buƙata kuma ba a azabtar da dabbar ba, wasu sun ƙi. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi. In ba za ku yi ba, to ku san tun yanzu gidajen da za su karɓi 'ya'yan.

Kaza da tantabara da akuya kuwa, Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma yaro bai san da haka ba sai an gaya masa. Tun ranar farko ku fayyace: wannan uwar taka ce, ba za a taɓa ta ba, zakarun da za ta haifa su ne na sayarwa da na miya. Kada ya dawo daga makaranta ya tarar an yi wa baƙo farfesu da kazarsa. In an sayar da abin da yake nasa, a nuna masa kuɗin, a yi shawara da shi a kan abin da za a saya. Yaron da aka ci amanarsa a kan kaza yana daɗewa bai manta ba.

In dabbar ta mutu, ku gaya masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi, kada a ce ta gudu. Ku bar shi ya yi kuka, kada a yi masa dariya. Babba ya sa leda a hannu ya ɗauke ta, a binne da zurfi nesa da rijiya, a wanke mazubai da wurin kwananta, kuma a ɗan dakata kafin a kawo wata, musamman in ba a san abin da ya kashe ta ba.

Wani lokaci kuma kun yi duk abin da ya kamata amma abin bai yiwu ba: asma ta tashi, ko an koma gidan da ba a yarda da dabba ba. Kada a sa kyanwa a buhu a kai ta bola ko bayan gari. Wadda ta saba da a ba ta abinci ba ta iya rayuwar titi ba, yunwa ko karnuka ko mota ne za su gama da ita. Ku tambayi 'yan uwa da maƙwabta, da masu shagon hatsi da masu gidan burodi, waɗanda ɓera ke damu kuma sukan yi maraba da kyanwa. Ku miƙa ta tare da katin rigakafinta da mazubinta, ku gaya wa sabon mai ita abin da ta saba ci, ku roƙe shi ya rufe ta a ɗaki na mako biyu kafin ya sake ta.